Liyafa Irin Ta Da, Ba Sai An Ci Bashi Ba

'Yan'uwana mata, tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a 2023, kowace uwargida ta san yadda kuɗin cefane ya daina auki. Wasu sun bar gayyatar ƙawaye don gudun kunya, wasu kuwa suna cin bashi don a ce sun yi bajinta. Duka biyu ba daidai ba ne, gama kakanninmu sun yi zumunci ba tare da hayar kujeru ba.

To, ga dabara. Ki gayyaci mata kamar goma, kowa ta zo da shigar da, watau zanen saƙi ko tsohuwar atamfar uwarta, da kallabi da lalle. Ki share tsakar gida, ki shimfiɗa tabarmi, ki ɗauko akushi da langa da faifai daga ɗakin iya, ki wanke sarai.

Gero mudu guda zai yi kunun zaƙi ya ishi kowa. Ki turara dambu da zogale, ki dafa zoɓo da citta da kanumfari. Kowace baƙuwa ta riƙo ɗan abu, ko dakuwa ko gyaɗa.

Kiɗa kuwa, ku kife ƙwarya cikin ruwa ku yi amada, irin wadda Barmani Choge ta yi suna da ita kafin rasuwarta a 2013. 'Yan makaranta su yi gaɗa, tsofaffi su ba da labarin da. Ku tashi kafin magariba, ba sai an kunna janareta ba.

Amma fa kada ki taɓa kuɗin makarantar yara, ko zubin adashi. Baƙuwa takan manta abin da ta ci, mai bin bashi kuwa ba ya manta ƙofar gida.