Tsohon Fim Da Sabuwar Riga

Mu mutanen Ƙaraye da Rogo, a da silimarmu gidan kallo ce: benci, janareto, da kaset ɗin da ya sha hannu. A lokacin mai son babban allo sai ya hau mota zuwa Kano, silimar Marhaba ko Plaza.

Tun bayan fim ɗin Turmin Danya a 1990, masu shirya finafinanmu suka riƙa aro labaran Indiya suna sa musu kaftani. Yanzu nasu suke maimaitawa: a 2018 Ali Nuhu ya sake Mujadala da Umar M. Shareef.

Sabon ya fi hoto da sauti, ban musa ba. Amma a wurina tsohon ya fi daɗi, domin lokacin ba wanda ya san ƙarshen labarin, kowa sai ya kasa kunne.