Ko Ka Sani? Kai Ma Kana Koyar da Google

Ko ka san cewa duk lokacin da ka rubuta tambaya a Google, ka latsa ɗaya daga cikin amsoshin da ya jero maka, darasi ka ba shi?

Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa kamfanin a 1998, dabararsu ita ce ƙirga yawan shafukan da ke nuni zuwa ga wani shafi, tare da auna darajar masu nunin. Wanda shafuka masu daraja suka fi ambata shi ke hawa sama. Dabarar ta yi aiki, sai dai ba ta iya gaya wa injin ko mai nema ya sami biyan buƙata. Wannan labari a hannun mai neman kaɗai yake.

A ce wata uwa ta rubuta "maganin tarin yara" da tsakar dare. Ta latsa amsar farko, ta tarar talla ce zalla, ko daƙiƙa biyar ba ta yi ba ta dawo. Ta gangara zuwa ta uku, ta buɗe, ta tsaya ta karanta har ƙarshe, ta ajiye wayar. Ba ta ce uffan ba, amma ta bar sawu. Idan dubban mutane suka bi wannan sawun, sai ya zama turba, kamar yadda ƙafafu ke fitar da hanya a tsakiyar gona. Sannu a hankali amsa ta uku ta matso sama. Gyaran rubutu ma haka yake: mutum ya yi kuskuren harafi, ya ga amsar ba ta yi ba, ya sake rubutawa daidai, injin kuwa ya haɗa kuskuren da gyaransa ya adana don mai zuwa.

Tunanin koyo daga mai nema ya girmi Google nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1960, Gerard Salton da ɗalibinsa J. J. Rocchio suka gwada shi a kan wani tsarin neman takardu mai suna SMART, inda ake roƙon mai nema ya nuna takardun da suka amfane shi, sai na'urar ta gyara neman. Matsalar ita ce mutane ba su da haƙurin tsayawa ba da amsa. Latsawa ce ta zo ta ɗauke wannan nauyi.

Darajar wannan sawu ta fito fili a 2023, a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google a birnin Washington. Wani babban jami'in kamfanin, Pandu Nayak, ya shaida wa kotu cewa suna da tsari mai suna Navboost, wanda ke amfani da latse-latsen jama'a na watanni 13 wajen jera amsoshi. A shari'ar ce aka ji cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 don ya zama shi ne injin da ake tararwa a wayoyi da manhajojin shiga intanet. Mai yawan ɗalibai kan fi suna, to a nan mai yawan malamai, wato masu nema, shi ke fin kowa. A watan Agusta 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a harkar.

Abin da ya fi damuna shi ne, injin yana kwasar raunin malamansa tare da iliminsu. A 2005, Thorsten Joachims da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell sun sa na'urar da ke bin motsin ido, suka musanya amsa ta farko da ta biyu ba tare da masu neman sun sani ba. Duk da haka hannun mutane ya fi zuwa kan ta saman. Mai tebur a kasuwa ya san wannan: tumatirin da ke gaba shi ake fara ɗauka, ko da na baya ya fi shi kyau. Idan injin ya ɗauki kowace latsa a matsayin yabo, na gaba zai dawwama a gaba. Shi ya sa injiniyoyi ke rage nauyin latsar da matsayi ya jawo, kuma Google ke ɗaukar dubban mutane aikin tantance ingancin amsoshi da idonsu.

Mu masu nema da Hausa, lamarin ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya rubuta "kasa" babu lanƙwasa, ƙasa yake nufi, ko macijiya, ko gazawa, ko kasa kaya a faifai? Injin na lalubo amsar ne daga kalmomin da ke kewaye da kuma abin da mutane suka zaɓa, kuma malamansa na Hausa ba su kai na Turanci yawa ba.

Don haka mai karatu, in za ka yi nema gobe, gwada rubutawa da Hausa, kuma in amsar farko ba ta gamsar da kai ba, gangara ƙasa ka latsa wadda ta amfane ka.