Gefen titi ya farfashe: wa ke gyara, wa ke cin kwangilar?

Lokacin da Maraɗi ta karɓi bikin 18 ga Disamba a 2015 ƙarƙashin shirin Maraɗi Kwalliya, an shimfiɗa kwalta, an gina magudanan ruwa, an jera pave a gefen manyan tituna domin masu tafiya a ƙasa. Tawa ta samu nata a 2017, Damagaram a 2018. Gwamnati ce ta zuba kuɗin. Da aka watse, kula da wuraren ya koma wuyan ma'aikatun magajin gari, waɗanda harajin kasuwa da na tasha da ƙyar yake biyan albashi da kwasar shara.

Damina ba ta jira kasafin kuɗi. Ruwa yakan shiga ƙarƙashin pave ya kwashe yashi, sai duwatsun su zauna ko su tashi. Murfin magudana ya karye, ya bar rami. Mai tallar abinci da ɗan makaranta sai su sauka kan kwalta, su yi gogayya da ƴan kabu-kabu da adaidaita. Ambaliyar ƙarshen watan Agustan 2024, wadda ta yi kisa a Maraɗi, ta ƙara dagula lamarin.

Gyaran kansa ba ya da wuyar lissafi: siminti, yashi, tsakuwa, ladan magina. Nan ne kuma matsalar take. Babbar kwangila dole a yi shelarta, kamfanoni su yi takara a fili. Ƙaramar kuwa, wadda ba ta kai adadin da doka ta ƙayyade ba, takardun farashi daga ƴan kwangila uku sun wadatar. A garin da kowa ya san kowa, ba abin mamaki ba ne takardun ukun su fito daga gida ɗaya da sunaye daban-daban, ko mai su ya kasance ƙanen wanda zai sa hannu. Wata dabarar ita ce a yanyanka aiki ɗaya gida biyar, kowane yanki ya wuce ba tare da shela ba. Dokar kwangilolin gwamnati ta haramta wannan, kuma akwai hukumar ARCOP da ke karɓar ƙorafi, sai dai ɗan kwangilar da ke fatan samun aikin baɗi ba kasafai yake kai ƙara ba.

A da, kansiloli ne ke jefa ƙuri'a kan kasafin birni, ko da yake wasunsu su ma ƴan kasuwa ne masu kamfanoni. A watan Afrilun 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya rusa majalisun, aka naɗa kantomomi. Yanzu babu zaman majalisa da ɗan adawa zai miƙe ya tambayi kuɗin gyaran mita ɗaya.

A watan Oktoban 2024 gwamnati ta rage farashin siminti a faɗin ƙasar. Ko ragin ya shiga takardun ƴan kwangilar gyara, sai an lika su a allon sanarwa na ma'aikatar magajin gari, da sunan mai kamfani da tsawon wurin da aka gyara, kafin mazauna unguwa su iya aunawa.