Yadda Ake Lissafa Matsakaicin Maki na GPA a Makarantun Midil na Amurka

Matsakaicin maki, wanda aka fi sani da GPA, lamba ce guda ɗaya da ke taƙaita sakamakon ɗalibi a dukan darussan da ya ɗauka cikin zango ɗaya, ko shekara, ko tsawon zamansa a makaranta. A Amurka tsarin ya fi kafuwa, kuma yara a can sukan fara cin karo da shi ne a makarantar midil, matakin da ke tsakanin firamare da babbar sakandare. A yawancin wurare midil ta ƙunshi aji 6 da 7 da 8, na yara 'yan shekara 11 zuwa 14, kusan daidai da ƙaramar sakandare a Najeriya. A firamare galibi malami ɗaya ke riƙe da aji. Da an shiga midil, kowane darasi da malaminsa da makinsa, shi ya sa ake buƙatar hanyar tattara su wuri guda.

Asalin tsarin

Daga manyan makarantu al'adar ta gangaro. A 1785 shugaban kwalejin Yale, Ezra Stiles, ya kasa ɗalibansa gida huɗu gwargwadon ƙwazonsu. A 1897 kwalejin Mount Holyoke ta jihar Massachusetts ta tsara ba da sakamako da haruffa, kowane harafi da iyakar makinsa. A 1906 kuma gidauniyar Carnegie ta fito da ma'aunin nauyin darasi, inda awa 120 na koyarwa a shekara ke zama kiredit ɗaya. Haruffa da kiredit su ne ginshiƙan lissafin GPA har yau. Sai dai babu wata dokar tarayya da ta tsayar da sikeli ɗaya ga ƙasar baki ɗaya. Jihohi da gundumomin ilimi ne ke tsara nasu, don haka akan sami 'yan bambance-bambance daga wannan makaranta zuwa waccan.

Daga aikin aji zuwa harafi

Kafin a kai ga GPA, sai kowane malami ya fitar da harafin darasinsa. Yakan haɗa makin aikin gida da ƙananan gwaje-gwaje da babbar jarrabawa, kowanne da kasonsa. A ɗauka cewa malamin lissafi ya ba aikin gida kashi 20 cikin 100, ƙananan gwaje-gwaje kashi 30, jarrabawa kashi 50. Ɗalibar da ta ci 95 a aikin gida, 85 a gwaje-gwaje, 78 a jarrabawa, za ta tashi da 19 da 25.5 da 39, jimilla 83.5.

Wannan jimillar ake mayarwa harafi, harafin kuma a mayar da shi lamba. A sikelin da ya fi yaɗuwa, 90 zuwa 100 shi ne A, darajarsa 4. Daga 80 zuwa 89 B ne, darajarsa 3. Daga 70 zuwa 79 C ne, 2. Daga 60 zuwa 69 D ne, 1. Abin da ya gaza 60 kuwa F ne, wato faɗuwa, ba shi da ko ɗaya. Ɗalibar da ta ci 83.5 ke nan ta sami B, maki 3.

Wannan sikeli yana da kaifin baki. Mai 89 da mai 80 duk B ne, alhali mai 90 ya zarce mai 89 da maki guda cur. Don rage wannan, makarantu da yawa suna ƙara alamar ƙari ko ragi a jikin harafi: A- ya zama 3.7, B+ 3.3, B- 2.7, C+ 2.3, haka har ƙasa. Da wannan tsari mai 89 zai sami 3.3, mai 80 ya sami 2.7.

Lissafin zango ɗaya

Idan duk darussan nauyinsu ɗaya ne, lissafin ba shi da wuya: a tara darajar haruffan, a raba da yawan darussan. Ga ɗalibar nan da darussa shida. Ta sami B a lissafi, A a Turanci, B a kimiyya, C a ilimin zamantakewa, A a Sifaniyanci, A a motsa jiki. Darajarsu 3, 4, 3, 2, 4, 4, jimilla 20. Idan aka raba 20 gida shida, GPA ɗinta 3.33 ne.

A makarantar da ke bambanta nauyin darussa, akan ninka darajar kowane harafi da kiredit ɗin darasin, a tara, sannan a raba da jimillar kiredit, ba da yawan darussa ba. Idan motsa jiki rabin kiredit ne saboda ba kullum ake yinsa ba, sauran biyar ɗin kuma kowanne kiredit ɗaya, biyar ɗin sun ba da 16, motsa jiki ya ba da 2, jimilla 18. A raba 18 da 5.5, sakamakon 3.27. Haruffan ba su canza ba, amma A ɗin motsa jiki ya rage tasiri. Hakan na nufin darasi mai nauyi ya fi ɗaga lambar idan aka ci shi, ya kuma fi janyo ta ƙasa idan aka faɗi.

Akwai kuma tsarin da ke ba darussa masu zurfi ƙarin daraja. A irin azuzuwan da ake ware wa haziƙai, wasu gundumomi kan ƙara rabin maki ko maki ɗaya, A ya zama 4.5 ko 5. Shi ya sa wani lokaci akan ga ɗalibi da 4.2 a sikelin da aka san iyakarsa 4. Wannan ya fi yawa a babbar sakandare. Makarantun midil da dama ba sa ƙara komai.

Matsakaicin tarin zanguna

Bayan na zango akwai na tari, wanda ke haɗa duk abin da ɗalibi ya yi tun shigowarsa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a tara GPA ɗin zanguna a raba da yawansu. Wannan ba ya yin daidai sai idan nauyin zangunan ɗaya ne. Ɗalibin da ya ci A a darussa shida a zangon farko yana da maki 24, wato 4.0. Idan a zango na biyu ya ci C a darussa huɗu, yana da maki 8, wato 2.0. Haɗa 4.0 da 2.0 a raba biyu zai ba da 3.0, amma lissafin gaskiya shi ne 32 a raba da darussa 10, wato 3.2.

Matsakaicin tari yana ƙara taurin kai ne yayin da zanguna ke taruwa, kamar yadda moɗa ɗaya ta ruwan zafi ke ɗumama ƙwarya amma ba ta ɗumama randa. Wanda ya fara da 2.5, ya ci 4.0 a zango na biyu, nan take ya hau 3.25. Wanda ya shafe zango huɗu a kan 2.5 kuwa, ko ya ci A zalla a zango biyun da suka biyo baya, iyakarsa 3.0.

Amfanin lambar a matakin midil

Jami'o'in Amurka sakamakon babbar sakandare suke dubawa, daga aji 9 zuwa 12, don haka GPA na midil galibi ba ya kaiwa gare su. Abin da ya fita daban a nan shi ne darussan babbar sakandare da ake ɗauka tun a midil, irin su aljabara ta farko da harshen waje. A gundumomi da yawa waɗannan sukan shiga takardar sakamakon sakandare, wasu ma har cikin lissafin GPA.

A cikin makarantar kanta kuwa lambar tana aiki sosai. Da ita ake fitar da jerin sunayen masu ƙwazo a ƙarshen zango, ana kuma duba ta wajen tantance wanda zai shiga ajin haziƙai ko makarantun da ke zaɓen ɗalibai. Ƙungiyar karrama ɗalibai ta National Junior Honor Society, wadda aka kafa a 1929, ta sa 3.0 a matsayin mafi ƙarancin abin da ake shiga da shi, kuma makaranta na da ikon ɗaga wannan iyaka. Wasanni ma sun rataya a kan sakamako. Jihar Kalifoniya na buƙatar 2.0 daga ɗaliban aji 7 zuwa 12 kafin su shiga wasanni da sauran harkokin bayan aji. Jihar Texas kuwa tun 1984 ta yi dokar da ke dakatar da ɗalibi daga wasa idan ya faɗi darasi.

Masu bincike sun kuma gano cewa sakamakon midil yana hasko abin da ke gaba. Binciken Robert Balfanz na jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa a birnin Philadelphia ya nuna cewa ɗan aji 6 da ya faɗi lissafi ko Turanci, ko zuwansa makaranta ya gaza kashi 80 cikin 100, yana cikin haɗarin kasa kammala sakandare. Wani rahoto na cibiyar binciken makarantu ta jami'ar Chicago a 2014 ya nuna cewa makin aji da zuwa makaranta a midil sun fi makin jarrabawar bai-ɗaya nuna yadda yaro zai kasance a babbar sakandare. Dalilin a fili yake: makin aji yana tara aikin watanni ne, har da miƙa aiki a kan lokaci da naci.

Abin da lambar ke ɓoyewa

Matsakaici yana shafe bambanci. Ɗalibin da ya ci A a darussa biyar ya faɗi ɗaya yana da maki 20 a darussa shida, wato 3.33, daidai da ɗalibar da aka yi misali da ita, wadda ba ta faɗi komai ba. Lambarsu ɗaya, amma matsalarsu daban: shi yana da darasin da ke neman agajin gaggawa, wataƙila ma sai ya maimaita shi. Haka kuma lambar ba ta nuna ko malami mai tsauri ne ko mai sassauci, ba ta nuna ko yaro hawa yake ko gangara. Saboda irin wannan ne wasu makarantu suka koma auna kowace ƙwarewa daban da lambobi 1 zuwa 4, waɗanda ba daidai suke da A zuwa D ba.

Kwatanci da wasu tsare-tsare

Jami'o'in Najeriya suna bin wannan hanyar lissafi ta ninka daraja da nauyin kwas, amma galibi a sikelin 5, inda A ke farawa daga 70, digiri mai daraja ta ɗaya kuma daga 4.50. Maki 75 ke nan A ne a can, alhali C ne a makarantar Amurka. A Nijar, inda ake bin tsarin Faransa, ana ba da maki ne a kan 20, kowane darasi da adadin da ake ninka shi da shi gwargwadon muhimmancinsa, kuma 10 ne iyakar ci. Tushen lissafin ɗaya ne, sikelin ne ya bambanta. Don haka ba a mayar da sakamakon wata ƙasa zuwa GPA ta hanyar raba lamba kawai. Sai an duba sikelin makarantar da ta bayar da shi, a mayar da kowane darasi harafinsa, a san nauyinsa, sannan a sake lissafin daga farko.