Fuskar Washington a Kasuwar Gwanjo

A watan Janairun 2006, kamfanin gwanjo na Christie's da ke New York ya sallama wani zanen George Washington, shugaban Amurka na farko, a kan dala miliyan 21.3. Charles Willson Peale ne ya zana shi a 1779, ga janar ɗin a tsaye ya dafa igwa bayan nasarar yaƙin Princeton. A 2018 kuma, wajen gwanjon kayan iyalan Rockefeller, wani zanen nasa na hannun Gilbert Stuart ya tashi a kan dala miliyan 11.5.

Tsadar nan ba daga ƙarancin kaya ta zo ba. A 1796 Washington ya zauna wa Stuart bisa roƙon matarsa Martha. Stuart bai ƙarasa zanen ba, bai kuma miƙa shi ba. Ya riƙe shi yana kwaikwayo, har ya fitar da kwafi fiye da 70, yana sayar da kowane ɗaya dala 100. Fuskar wannan zane ce ke jikin takardar dala ɗaya a yau. Wasu ma suka shiga cinikin ba da izininsa ba: a 1802 sai da ya kai ƙara kotu a Philadelphia kan kwafin da aka yi a jikin gilashi a Sin ana shigowa da su. Duk da haka da bashi a wuyansa ya rasu a 1828.

Saboda wannan yawa, abin da mai saye ke biya shi ne asali. Masana kan bi zane hannu bayan hannu, kamar yadda malamai ke bin isnadi: wa ya saya daga mai zanen, wa ya gada, a gidan wa ya rataya. Sannan a haska shi da na'ura, a duba fenti da ƙyalle. Inda silsilar ta yanke, nan farashi ke karyewa.

Abin da ya fi damuna shi ne inda zanen ke zuwa bayan ciniki. Babban zanen Stuart da ake kira Lansdowne, wanda Sanata William Bingham ya aika kyauta Ingila, ya kasance a matsayin aro a gidan adana hotuna na ƙasa da ke birnin Washington tun 1968. Da mai shi, Lord Dalmeny, ya ce zai sayar, sai aka shiga fargabar a rasa shi. Gidauniyar Donald W. Reynolds ce ta kawo ɗauki a 2001 da dala miliyan 30, aka biya miliyan 20 kuɗin zanen. Yanzu kowa na shiga ya gan shi kyauta. Ba kowane zane ke dacewa da irin wannan gata ba. Da yawa sukan faɗa hannun attajiran da ba a ko bayyana sunayensu, su shige gidajen da ɗan makaranta ba zai taɓa taka ƙofarsu ba, kuma a ganina wannan asara ce ga jama'ar da tarihin nasu ne.