Kaurin Koko da Kaurin Baƙin Mai

Duk wanda ya taɓa ɗauko kwalbar man ja da sassafe a tsakiyar hunturu ya san halin mai. Ka kifa ta, ka jijjiga, ya ƙi fitowa, sai an jingina ta gefen murhu. Shi ne kuma da ya ji wuta a kasko zai tsinke kamar ruwa. Baƙin man mota ma haka yake, kuma labarin da lambobin nan biyu na jikin galan ke bayarwa ke nan. A 5W-30, ta farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, lokacin da aka tayar da mota. Ta biyu kuwa kaurinsa ne a zafin digiri 100.

Sai ka je juye, bakanike ya ce, "Alhaji, zafin ƙasar nan ba ya son tsararon mai, a zuba mata 20W-50 kawai." Ga tsohuwar Fijo 504 da injinta ya saki, ya yi gaskiya. Ga motar gudu kuwa, mai koko ta fi shi basira. Kokon da za ta dama wa manomi mai tafiya gona daban, wanda za a ɗura wa jariri a bulumboti daban. Zuba mai kaurin a bulumbotin ka gani: yaro zai yi ta tsotso, jijiyar wuya ta tashi, ba abin da ke wucewa.

Toyota 86 da ta fito a 2012 irin wannan jaririn ce. Hanyoyin man injinta matsattsu ne, har na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul da ƙarfin mai take aiki, shi ya sa kamfanin ya ce 0W-20. BMW M3 samfurin E46 kuwa, wadda injinta ke juyawa har kusan sau 8,000 a minti, 10W-60 take sha. Ba ta mai tsinkakke ka taka ta sosai, man ya kasa riƙe tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sai ka ji ana maganar buga inji. Dukansu motocin gudu ne, amma kowacce da maƙogwaronta.

Batun zafin gari ma an cika masa gishiri. Ruwan inji yana zama ne a wajen digiri 90, a Sakkwato ko a Jamus, in dai ba a cire wa motar tamostat ba, kamar yadda muka saba yi.

Kauri kuma ba shi ne komai ba. Kokon gero da na masara kan zo kauri ɗaya, amma ba abu ɗaya ba ne; haka ma mai. Porsche na da nata hatimin amincewa, irin su A40, wanda sai ka juya galan ka duba bayansa.

Ranar da na nace sai an zuba wa tawa abin da ke rubuce a littafinta, yaron shagon ya ɗaga galan ɗin, ya girgiza shi kusa da kunne, ya dube ni da tausayi ya ce, "Alhaji, wannan ai ruwa ne."