Wasiƙun da suka juya akalar jaruman sararin samaniya

Littattafan labarai masu zane na Amurka, waɗanda ake kira kwamik, sun daɗe suna ware shafi guda domin wasiƙun masu karatu. Duk wanda ya tara tsofaffin fitowa na jaruman sararin samaniya ya san wannan shafi mai ƙananan haruffa. Ni shi nake fara buɗewa, domin masu rubuto wasiƙun nan sun naɗa shugabanni, sun ɗinka riga, har sun ta da wadda aka binne.

Mu fara da Legion of Super-Heroes, ƙungiyar matasa daga duniyoyi daban-daban da ke rayuwa a ƙarni na 30, wadda kamfanin DC ya fito da ita a 1958. A da, shugabanta ba marubuci ne ke zaɓa ba. Shekara da shekaru masu karatu suka yi ta aiko da ƙuri'unsu ta gidan waya, wanda ya ci kuma dole a rubuta labari da shi a kan kujera, ko marubucin yana so ko ba ya so. A farkon shekarun 1980 suka zaɓi Dream Girl, wadda da yawa ke yi wa kallon mai kwalliya kawai, sai marubuci Paul Levitz ya mayar da ita jagora ta gaske a lokacin yaƙi mafi tsanani da ƙungiyar ta fuskanta. Polar Boy kuwa, mai sarrafa sanyi, wani mai karatu ne ya kawo shawararsa. A cikin labarin an ƙi karɓarsa a ƙungiyar a 1963, ya tafi ya tara 'yan'uwansa da aka kora, bayan shekara ashirin da 'yan kai ya zama shugaban waɗanda suka ƙi shi.

 

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Jim Shooter, ɗan ma'aikacin masana'antar ƙarfe a birnin Pittsburgh. Yana da shekara 13 ya zauna ya rubuta labaran Legion, ya zana su da hannunsa yadda ya iya, ya tura wa edita Mort Weisinger don ya samo wa gidansu kuɗin cefane. Aka saya. Labarinsa na farko ya fito a 1966, yana ɗan shekara 14, yana zuwa makaranta da rana, yana tsara yaƙin duniyoyi da dare. A 1978 wannan yaro ya zama babban editan Marvel, kishiyar kamfanin da ya fara ba shi dama.

Kafin nan, a 1963, fitowa ta 20 ta Fantastic Four, labarin mutum huɗu da hasken sararin samaniya ya sauya musu jiki, ta buga wasiƙar yabo daga wani saurayi ɗan New Jersey. Sunansa George R. R. Martin, wanda littattafansa suka haifi Game of Thrones. Kuma a wancan zamani Marvel na da wata kyauta ga wanda ya gano kuskure a labari ya kuma kawo hujjar da za ta rufe shi: ambulan da babu komai a ciki. Yara suna adana shi kamar takardar gado.

Baƙar rigar Spider-Man ma daga wasiƙa ta fito. A 1982 wani mai karatu daga Illinois ya aika da shawarar a yi masa baƙaƙen kaya, Shooter ya saya a kan dala 220. Marubuta suka ƙara nasu: a 1984 rigar ta zama halitta mai rai da ya ɗauko daga wata duniya, daga baya ta zama Venom. A ganina wannan kuɗi ya yi kaɗan ƙwarai idan aka dubi abin da rigar ta jawo wa kamfanin.

Masu karatun Green Lantern su ne ba su da mantuwa. Su Green Lantern jami'an tsaro ne da aka raba wa sararin samaniya shiyya 3,600, kowa da zobensa mai ƙera duk abin da zuciya ta raya, sai dai a da zoben ba ya aiki a kan abu mai launin rawaya.  A 1994 DC ya haukata gwarzonsu Hal Jordan bayan an rushe garinsa, ya karkashe abokan aikinsa, aka miƙa zoben ga sabon yaro Kyle Rayner. Magoya baya suka kafa ƙungiya mai suna H.E.A.T., suka yi ta ruwan wasiƙu shekara goma. A 2004 marubuci Geoff Johns ya dawo da Hal, ya ce wata halittar tsoro mai launin rawaya ce ta shige shi, kuma ita ce tun asali ke raunana zoben. Da bayani ɗaya ya wanke Hal, ya kuma warware tambayar da aka daɗe ana yi.

Sai Jean Grey ta X-Men. A 1980 ta haɗiye wani tauraro, duniyar da ke kewaya shi ta hallaka da mutum biliyan biyar. Masu tsara labarin, Chris Claremont da John Byrne, sun shirya a ƙwace ƙarfinta kawai a bar ta da rai, Shooter ya ce wanda ya yi wannan ɓarna ba zai tafi haka ba. Ta mutu a kan wata, a fitowa ta 137. Ya kuma gindaya sharaɗi: ba za ta dawo ba sai an samo hanyar da za ta wanke ta daga laifin. Wani ɗalibi mai karatu, Kurt Busiek, shi ya samo ta: wadda ta yi kisan wata halitta ce da ta ari siffarta, Jean ta ainihi tana kwance cikin ƙwanso a ƙarƙashin ruwa kusa da New York. Shawarar ta bi baki zuwa baki har ta isa kunnen Byrne, aka yi amfani da ita a fitowa ta 286 ta Fantastic Four, aka buga sunan Busiek a shafin godiya, da kuskuren harafi a ciki.